Mi ya sa ruwan Fehling ke kama aldehid ya ƙyale seton?

Nana_TerminalD:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah ina neman taimako, jarrabawar BAC ta matso kuma darasin kimiyya nan na aldehid da seton ya ƙi zauna mini a kai. Na hardace ruwayen gwajin da launinsu kamar karatun allo: DNPH rawaya ga duka biyun, ruwan Fehling ruj birik (ja kamar bulo) ga aldehid kawai, Tollens madubin azurfa, Schiff ruwan hoda. Amma in aka ce mini mi ne ne DALILI sai in yi tsit. Su duka biyu C=O gare su, to mi ya raba su har ɗaya ke sa ruwa ya yi ja ɗaya kuma ko gezau? Kuma ni tunda nake ban taɓa ganin jan nan da idona ba, a lisenmu babu kayan gwaji, mushe, wato malaminmu, da alli yake zana mana kwalbar a tabulo ya rubuta launin a gefe. Wanda ya gane ya yi mini bayani da Hausa dan girman Allah, faransancin ya ishe ni.

Dan_Zango227:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata hardace ki wuce, lokaci ya ƙure. Mu haka muka yi kuma muka samu. A BAC ba wanda zai tambaye ki dalili, za a ce miki DNPH ta kama, Fehling ba ta kama ba, ki ce seton ne ki karɓi makinki.

Mushe_PC:
Dan_Zango ban yarda da kai ba, kuma shawarar nan ita ke kada mana yara kowace shekara. Ranar da aka juya tambayar kaɗan mai harda zai tsaya yana kallon silin.
Nana saurara. Karbon hannu huɗu gare shi. A cikin C=O ya ba oksijen hannu biyu, saura biyu. Duk maganar a kan hannu biyun nan da suka rage take. A aldehid, aƙalla hannu guda idrojen yake riƙe da shi, shi ya sa muke rubuta R-CHO (R na nufin sauran sarƙar karbon) kuma kullum a ƙarshen sarƙa yake. A seton hannun dama karbon, na hagu karbon, R-CO-R', yana tsakiya an sa shi a tsaka.
To ruwan Fehling mi yake nema? So yake ya cusa oksijen. A aldehid akwai wurin shiga, tsakanin C da H ɗin nan, sai C-H ya koma C-OH, kin ga -CHO ya zama -COOH, asid ke nan. A seton babu wannan H ɗin, in za a cusa oksijen sai an tsinke igiyar da ke tsakanin karbon da karbon, ita kuwa igiya ce mai tauri, ruwan Fehling ba ya da ƙarfin tsinke ta. Ki ɗauka gida biyu ne, ɗaya yana bakin layi ƙofarsa ta zana, ɗayan katangar laka ta kewaye shi gaba da baya. Iska mai sauƙi ƙofar zana take turawa.

Nana_TerminalD:
Mushe Allah ya saka da alheri, wallahi yanzu na fara gani. To jan fa daga ina yake fitowa? asid ɗin ne ja?

Mushe_PC:
A'a, asid ɗin ba ya da launi. Jan daga tagulla yake. Shuɗin da ke cikin ruwan Fehling iyon Cu2+ ne. Aldehid ya ba da elektron biyu, tagulla ta karɓa ta sauko daga Cu2+ zuwa Cu+, ta haɗu da oksijen ta zama Cu2O, shi kuwa ba ya narkewa a ruwa sai ya kwanta ƙasan kwalba kamar jar laka. Rubuta wannan a kayenki:
R-CHO + 2Cu2+ + 5OH- → R-COO- + Cu2O + 3H2O
Ki lura R-COO- na rubuta ba R-COOH ba, don ruwan yana da soda a ciki. Wurin nan yara da yawa ke asarar maki. Kuma sai an ɗumama, a sanyi za ki daɗe kina jira.

Ibro_Kabukabu:
Ni dai na bar lakkol tun a katiriyem amma ina bin ku a hankali, ku ci gaba. Tambaya guda, aseton ɗin da mata ke goge farce da shi yana cikin dangin nan ne? ni na ɗauka alkol ne tunda in ya taɓa hannu sanyi gare shi kuma nan take ya bushe

Zara_Farmasi:
Ibro ba alkol ba ne, shi ne ma ƙaramin seton duka, propanon sunansa na littafi, CH3-CO-CH3. Sanyin da kake ji saurin tashinsa ne, a digiri 56 yake tafasa, alkol na likita kuwa sai 78. A zafin Damagaram na watan Afrilu in ka bar kwalbarsa buɗe ka tafi sallar azahar ka dawo za ka ga ta ragu. Kuma dan Allah a nisanta shi da wuta, tururinsa ma kamawa yake. Na sha gaya wa masu saye kada su goge farce kusa da gawayi ko risho.

Sani_UAS:
Ƙari a kan maganar Yaya Zara, don tambaya ce da ke fitowa. Mi ya sa aldehid da seton ke tafasa da wuri fiye da alkol mai karbon daidai da su? Propanal wajen 48, propanon 56, amma propan-1-ol 97. Dalili alkol yana da O-H, ƙwayoyinsa suna riƙe juna da haɗin idrojen kamar mutane sun kama hannu, su kuwa waɗannan babu H a jikin oksijen ɗinsu, don haka riƙon nasu sako-sako ne. Amma da ruwa suna iya yin wannan haɗi, shi ya sa aseton ke garwayuwa da ruwa yadda ka ga dama.

Dan_Zango227:
To Mushe na ji, amma bari in tambaya. Kun ce seton ba ya oksidasiyon, wato ba a cusa masa oksijen, ga Zara ta ce yana kama wuta. Ƙonewa ba oksidasiyon ba ce?

Mushe_PC:
Madalla, ka ga amfanin neman dalili. Ƙonewa oksidasiyon ce amma ta rushe gida gaba ɗaya, sarƙar ta watse ta koma CO2 da ruwa. Wadda muke magana a kai ita ce mai lallaɓawa, wadda ba ta taɓa sarƙar karbon. A ita ce alkol na farko ke zama aldehid sannan asid, alkol na biyu ya zama seton ya tsaya cak, na uku kuma ba ya motsi sam tunda karbon ɗin da ke ɗauke da OH ba ya da H ko guda. Ka ga H ɗin nan dai muke ta bi tun ɗazu. In da permanganat aka yi, launinsa na makuba ya ɓace, in da dikromat ne ruwan lemu ya koma kore.

Hajiya_MaiHumra:
Salamu alaikum ƴaƴana. Ɗana ne ya sa ni a nan ya ce ana maganar ƙamshi wani lokaci. Ni ban yi boko ba amma shekarata sama da ashirin ina haɗa humra da turaren wuta a Birni. Wani yaro da ke kawo mini kaya daga Kano ya taɓa ce mini wai akwai turaren da ake kira aldehid, mai ƙamshi kamar sabon sabulu ko tufafin da aka yi wa guga. Shi ne wannan da kuke faɗi ko suna ne ya zo ɗaya?

Sani_UAS:
Inna Hajiya barka da zuwa, shi ne wallahi. Sana'arki ma ta fi ta kowa kusa da darasin nan. Ƙananan aldehid wari gare su mai hawa kai, amma in sarƙar ta yi tsawo, karbon 10, 11, 12, sai su ba da wannan ƙamshi na sabulu da ɓawon lemu, su ne suka yi wa turaren Chanel N°5 suna tun 1921. Ƙamshin kirfa aldehid ne, sinamaldehid. Na vanila da ake sa wa a gato da yawur shi ma, vanilin. Ganyen sitronel da muke jefawa a shayi, sitral ne ke ƙamshin. A ɓangaren seton kuma akwai miski, abin da ke ƙamshi cikinsa muskon, zobe ne na karbon 15, da jibda mai sibeton, zoben karbon 17. Wani masani Ruzicka ya gano siffarsu a 1926, a lokacin masana da yawa ba su yarda zobe mai girma haka zai iya tsayuwa ba, daga baya ya samu kyautar Nobel a 1939. Na'ana'ar da ke cikin shayinmu ma akwai karvon a ciki, seton ne.

Hajiya_MaiHumra:
Ikon Allah. To bari in faɗa muku abin da na sani da hannuna. Humrar da na sa wa mai ƙamshin lemu ko kirfa da yawa, in kwalba ba ta rufu da kyau ba ko rana ta dake ta, bayan ƴan watanni ƙamshin sai ya juya ya yi wani tsami tsami. Amma mai miski sai ta shekara tana nan, har ƙara daɗi take. Kakata ta koya mini a ajiye a kwalba mai duhu cikin ɗaka a toshe baki da kyau, ban taɓa tambayar dalili ba.

Mushe_PC:
Hajiya kin ba Nana amsar tambayarta fiye da yadda na ba ta. Nana karanta abin da Inna ta rubuta sau biyu. Iskar da muke shaƙa ma kawai ta isa ta mai da aldehid asid sannu a hankali, haske da zafi suna ƙara mata sauri, shi ne tsamin da take ji. Seton kuwa iska ba ta samun ƙofa. Miski yana da wani dalilin kuma, ƙwayarsa babba ce mai nauyi ba ta saurin tashi. Amma juyawar ƙamshin kirfa da lemu, aikin da Fehling ke yi a minti biyu ne iska ke yi a wata shida.

Nana_TerminalD:
Allahu akbar, Inna na gode. wannan ba zan manta da shi ba har abada

Aminu_Daura:
Gaisuwa daga maƙwabta. Mu a nan keton muke cewa ba seton ba amma abu ɗaya ne. Ina so in ɗan yi gyara kada a ɗauka dokar ba ta da togiya. Benzaldehid aldehid ne cikakke, yana ba da madubi da Tollens, amma da Fehling ba ya ba da jan nan. Sannan fruktoz, sukarin da ke cikin zuma, keton ne a siffarsa amma yana sa Fehling ya yi ja. Malaminmu ya kama mu da wannan a jarrabawa kusan duk aji muka faɗi.

Dan_Zango227:
Ka ji ko. To ina amfanin dalilin da Mushe ya kawo in ga seton yana kamawa? shi ya sa na ce a hardace

Sani_UAS:
A'a Dan_Zango, togiyar ma dalilin ne ke bayyana ta. Fruktoz yana da OH a karbon ɗin da ke maƙwabtaka da C=O. A cikin ruwa mai soda irin na Fehling, H yana sauya wurin zama, C=O ɗin ya matsa zuwa ƙarshen sarƙa, fruktoz ya rikiɗa ya koma glukoz da mannoz, su kuwa aldehid ne. Aseton ba ya da wannan OH na maƙwabtaka shi ya sa yake zaune lafiya. Mai harda in ya ga zuma ta yi ja zai rikice, wanda ya gane zai tambayi kansa ina H ɗin ya fito.
Kuma ga wani abin, sukarin shayi na kanti, sakaroz, ba ya kama Fehling ko kaɗan duk da glukoz da fruktoz ne aka ɗaura, don ta wurin karbon ɗin nan masu aiki aka ɗaure su. In ka tafasa shi da ɗan asid suka rabu sai ya kama.

Mushe_PC:
Aminu da Sani gaskiyarku. Amma Nana, a takardar BAC ki tsaya kan abin da ke cikin programu, in Fehling ta kama aldehid ne, in ba ta kama ba seton ne. Zancen fruktoz ki ajiye shi a kanki don SVT (darasin kimiyyar halittu) da jami'a.

Majinyaciya_Rabi:
Ku bar ni in shigo da abin da nake gani a wurin aiki tunda an ambaci sukari. Mai ciwon sukari in insulin ta yi masa ƙaranci ƙwarai, jiki ba ya iya amfani da sukarin da ke cikin jini sai ya koma ƙona kitse, hanta ta riƙa fitar da abin da muke kira kor setonik, cikinsu har da aseton. Wallahi tun daga bakin ƙofa wani lokaci kana jin numfashin mutum kamar maganin goge farce ko ɗan itacen da ya nuna ya wuce. An taɓa kawo mana yarinya ƴar shekara goma sha uku daga wani ƙauye, kwana da kwanaki tana shan ruwa kamar ba gobe tana fitsari tana ramewa, ga amai ga ciwon ciki, numfashi sama sama mai zurfi, iyayen sun ɗauka iska ce an yi ta turare. Warin nan ne ya fara faɗa mana, muka tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsari ya rine. Allah ya yi da sauran kwananta. Don haka duk wanda ya ji wannan wari a bakin mai ciwon sukari ko yaron da ke ramewa da yawan ƙishirwa, kada a kwana da shi gida, likita kai tsaye.

Ibro_Kabukabu:
Subhanallahi. Malama Rabi babata tana da ciwon sukari kuma ba ta yarda ta sha azumi, wannan ya shafe ta?

Majinyaciya_Rabi:
Ya danganta da irin ciwon nata da maganin da take sha, shi ya sa ba zan yanke maka a nan ba. Ka kai ta ta ga likitanta kafin watan ya kama, a auna ta a daidaita mata magani. Mai lafiya ma in ya daɗe bai ci ba jikinsa yana yin su kaɗan, wannan ba komai, na mai ciwon ne ke yawa har jini ya yi tsami. Kuma abin da zai ba Nana sha'awa, kafin a samu na'urorin yanzu da irin ruwan tagullan nan ake neman sukari a fitsari, a ɗumama a ga ko zai yi ja. Fehling ɗin Bajamushe ne, a 1849 ya fito da nasa don auna sukari.

Kafinta_Sabongari:
Ni tambayata a kan formol ce. Sabon kwantirplake in na yanka shi a shago a rufe idona yana yaji hanci yana zuba, wani ya ce mini formol ne a ciki irin na gawa. gaskiya ne ko tsoratarwa

Zara_Farmasi:
Akwai gaskiya ciki Malam. Gam ɗin da ake manne fallayen katakon da shi galibi daga ure da formaldehid ake yin shi, kuma yana ci gaba da sakin kaɗan kaɗan, ya fi yawa in sabo ne ko ana zafi. Formaldehid shi ne ƙaramin aldehid, metanal, H-CHO, shi hannu biyun duka H ne. Asalinsa iska ne, in aka narkar da shi a ruwa wajen kashi 37 cikin ɗari shi ne formol da ake adana gawa da naman gwaji da shi. Yadda yake aiki, yana kama furotin ya ɗaure su da juna su sandare, ƙwayar cuta ba ta iya rayuwa. To abin da yake wa gawa shi yake fara yi wa idonka da hancinka. Hukumar binciken kansa ta duniya ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da ke jawo kansa tun 2004. Ka riƙa yanka a waje ko ka buɗe ƙofa da taga, sabon allo kuma ka bar shi ya sha iska kafin ka shigar da shi ɗakin kwana.

Aminu_Daura:
Kuma shi ne dalilin da metanol ke makantar da mutane. Hanta tana mai da shi formaldehid sannan asid formik, wanda ke lalata jijiyar ido. Layin da Mushe ya faɗa ne dai, alkol na farko, aldehid, asid, sai dai a cikin jikin mutum ake yin shi.

Hajiya_MaiHumra:
Ɗana Sani, kafur fa? wanda ake sa wa a ruwan wankan mamaci

Sani_UAS:
Inna kafur na gaskiya seton ne, C10H16O, daga wata bishiya ta ƙasashen Asiya ake samun shi, yanzu kuma ana haɗa shi a masana'anta. Amma a kula, fararen ƙwallayen nan da ake jefawa cikin akwatin tufafi ana ce musu kafur, da yawansu naftalin ne, babu oksijen ko guda a jikinsa, ba dangi ɗaya ba ne. Kuma guba ne in yaro ya haɗiye, ga shi kamar alewa. Na gaskiyar ma ba abin ci ba ne.

Dan_Marina:
Mu gidanmu marina ne tun kakanni ko da yake yanzu sana'ar ta ja baya. Na yi Terminal D ban samu ba na koma gida. Abin da ya tsaya mini a rai tun lokacin, baba in yana cikin rami ruwan ƙasa kore kore ne mai ɗan rawaya, zanen ma haka yake fitowa, sai ya sha iska a gaban idonka ya koma shuɗi. Na taɓa ganin zanen ƙwayar indigo, wato rinin da ke cikin baba, akwai C=O biyu a jiki. Yana da alaƙa da wannan darasi?

Mushe_PC:
Ƙwarai kuwa, kai ka kawo mana ɗayan gefen. Mun yi ta maganar oksidasiyon, saura rediksiyon. C=O yana iya karɓar idrojen ya koma C-OH, aldehid ya koma alkol na farko, seton ya koma na biyu, a labo da H2 da nikel ko da NaBH4. A raminku ƙwayoyin halitta da ke ruɓar da ganyen su ke wannan aiki, toka kuma ta ba ruwan kaifin da ake so. Indigo mai C=O shuɗi ne ba ya narkewa a ruwa, in aka yi masa rediksiyon sai ya narke ya shiga cikin zare, ka fito da shi iska ta mai da C=O ɗin wurinsa ya maƙale a ciki. Shi ya sa kuke tsomawa ku fitar ku sake tsomawa. Indigo ba seton mai sauƙi ba ne irin na littafinku amma motsin ɗaya ne.

Dan_Marina:
Wallahi da an faɗa mini haka a aji da na zauna da ƙafata biyu. Shekara uku ina rubuta rediksiyon ban san ita nake gani a gidanmu ba kowace safiya.

Fati_Tudunjamus:
lalle ma na ji an ce haka ne ko?

Sani_UAS:
Abin da ke rini a lalle lawson ne, shi ma C=O biyu gare shi a zobe, kinon ake ce wa irinsu. Kama keratin na fata da farce yake ya manne, shi ya sa wanki ba ya fitar da shi sai fatar ta sabunta. Baƙin nan na kanti mai kamawa nan take kuma wani sinadari ne daban ake ƙarawa, shi ke sa wa wasu ƙuraje.

Nana_TerminalD:
Kun tafi da ni nesa amma na ji daɗi. Bari in dawo kan tambayata, saura guda. In H ne ya raba su, mi ya sa DNPH ba ta damu da H ɗin ba take kama duka biyun?

Mushe_PC:
Don ita ba oksijen ta zo cusawa ba, karbon ɗin C=O take nema. Oksijen ya fi karbon ƙarfin jan elektron, ya ja bargon gefensa ya bar karbon da ɗan plus. DNPH tana da azot mai elektron biyu a sake, sai ya kai wa karbon ɗin nan hannu, ruwa guda ya fita, C=O ya koma C=N, sabon abin ba ya narkewa sai ya kwanta rawaya ko ruwan lemu. Wannan karbon mai ɗan plus kuwa duka biyun suna da shi. Sai dai aldehid ya fi saurin karɓar baƙo, don H ƙarami ne bai tare hanya ba, a seton kuwa ƙungiyoyi biyu sun tsaya a ƙofa kuma suna tura wa karbon ɗin elektron suna rage masa yunwa.
Don haka DNPH tambayarta: akwai aldehid ko seton a nan? Fehling da Tollens da Schiff su ke raba gardama. Ki kiyaye, asid da ester su ma suna da C=O amma ba sa ba da rawayan nan.

Aminu_Daura:
Mu akwai wani gwajin da muke yi, iyod da soda. Duk mai CH3-CO- yana ba da rawayan gari mai warin asibiti, iyodoform. Aseton da butanon suna yi, pentan-3-on ba ya yi. Etanal da etanol ma suna yi.

Ibro_Kabukabu:
madubin azurfar nan fa na gaske ne mutum ya ga fuskarsa?

Mushe_PC:
Na gaske, azurfa ce tsantsa ke kwantawa a jikin kwalba, in kwalbar ta wanku sosai kuma ba a girgiza ba. In da datti sai ka samu baƙin gari kawai. Liebig, wanda ya raɗa sunan aldehid daga latin, ma'ana alkol da aka cire wa idrojen, ya nuna tun 1835 cewa aldehid na kwantar da azurfa a kan gilas, daga nan sana'ar madubi ta samu sabuwar hanya. Amma gargaɗi ga ƴan uwana malamai da ke nan, ruwan Tollens ba a ajiye shi. A haɗa a yi aiki a kashe shi da asid mai ruwa ruwa a zubar a ranar. In ya kwana ya bushe yana haifar da wani abu mai fashewa da ɗan taɓi.

Fati_Tudunjamus:
Ni mai tuyar ƙosai ce da safe, man da ya daɗe a wuta hayaƙinsa yana sa ni hawaye da tari, ƙanena ya ce wai shi ma aldehid ne

Zara_Farmasi:
Bai yi ƙarya ba Fati. In mai ya yi zafi har ya fara hayaƙi, gliserol da ke cikinsa yana rasa ruwa ya koma akrolein, aldehid ne mai karbon 3 mai yaji sosai. Warin man gyaɗar da ya daɗe ya yi ɗaci shi ma aldehid ne ke kawo shi. Ki rage wuta kada ya kai ga hayaƙi, ki tace gutsattsarin da suka ƙone, in ya yi baƙi ya yi kauri ki canza duk da na san tsadar mai.

Dan_Zango227:
Ni dai har yanzu ina kan bakana rabi. Mushe bayaninka ya yi kyau amma aji mai yara tamanin, awa biyu, babu kwalba babu ruwan gwaji, ga programu a wuya, wane malami zai tsaya labarin humra da rini? Yaro zai hardace ne dole. Laifin ba na yaran ba ne.

Mushe_PC:
A nan ban musa maka ba, ni ma cikin wannan hali nake koyarwa kuma yana ci mini rai. Amma Fehling ba ta da wuyar haɗawa, sulfat na tagulla a kwalba guda, soda da tartarat a ɗayar, a garwaya lokacin aiki. Bara na haɗa da kuɗin aljihuna na jiƙa dabino na tace ruwan, muka ɗumama a gwangwanin ruwan zafi a kan ƙaramin risho, shuɗi ya koma kore ya koma ruwan ƙasa ya koma ja, yara suka tashi tsaye har na bayan aji. A jarrabawar aji da ta biyo baya ba wanda ya rikita aldehid da seton.
Nana ga gwaji. Wani abu B nauyin mol ɗinsa 72, CnH2nO, ya ba da rawaya da DNPH, Fehling ta zauna shuɗiya. Wane ne B, kuma daga wane alkol ya fito?

Nana_TerminalD:
14n + 16 = 72, n = 4, C4H8O. Masu yiwuwa butanal da butanon. Fehling ba ta kama ba don haka babu H a jikin C=O, butanon ne CH3-CO-CH2-CH3, ya fito daga butan-2-ol. daidai ne Mushe?

Mushe_PC:
Amsar daidai. Amma kin manta mutum guda a jerin masu yiwuwa, 2-metilpropanal, aldehid mai reshe, shi ma C4H8O ne. In aka ce ki kawo duka izomer, wato duk masu C4H8O ɗin nan, rabin maki ya tafi. Yanzu juya ta, in da Fehling ta yi ja fa, kuma aka ce miki alkol ɗin farko sarƙarsa mai reshe ce, wane asid za a samu a ƙarshe? Kada kowa ya ba ta amsa.

Dan_Marina:
Mushe in za ka sake gwajin dabinon nan ana iya zuwa kallo ko sai ɗan aji? ina so in kawo ruwan baba a kwalba yaran su ga yadda yake juyawa a iska

Mushe_PC:
Zo da shi, ka cika kwalbar har baki ka toshe sosai kada iska ta riga mu. Asabar bayan la'asar in Allah ya kai mu, zan sa wurin a nan ranar Juma'a. Nana ki gaya wa ƴan ajinku, wanda ke da dabino ko zuma ya riƙo kaɗan, wani kuma ya zo da sukarin shayi da maganin goge farce mu jera su huɗu. Tartarat ɗin ne ya kusa ƙare mini, Malama Zara ko za ki duba mana?

Zara_Farmasi:
Zan tambaya gobe da safe in sha Allah. In ba a samu ba sitrat da karbonat na soda suna maye gurbi, ruwan Benedict ke nan, jan iri ɗaya ne kuma ya fi daɗewa a ajiye.

Nana_TerminalD:
asid 2-metilpropanoyik? kuran ya ɗauke batirina saura kaɗan, Mushe in ba daidai ba ne ka bar mini gyaran zan gani da asuba